Saran Farko a Kabarin Baba

Ranar da Baba ya huta, kafin in dawo daga asibiti gidana na Kafanchan ya riga ya cika. Har yau ban san wanda ya baza labarin ba. Na tarar matan zumunta na majami'armu sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, sun ɗora tukunyar kunu, ɗaya ma ta kwashe mini shanyar da na bari tun safe. A ƙofar gida tsofaffin ma'aikatan reluwe ne jere a kan benci, kowa da hularsa a gwiwa. Da suka hango ni suka miƙe gaba ɗaya, har da wanda sai an kama shi yake tashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka yi mini gaisuwa. Ba wanda ya ce, "Sannu, kin yi rashin uba." Wani tsohon Bayarabe da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa jirgi gawayi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ticha, ɗan'uwana ya tafi." Mai gadin tasha, ɗan Tibi, shi ma haka ya ce. Tela ɗan Ibo da ke bakin kasuwa kuwa sai ya zauna a ƙasa, tef ɗin awo a wuyansa, yana kuka kamar yaro. Matan suna ta cewa, "Allah ya ta'azantar, Baba ya tafi wurin Ubansa." Na amsa amin har bakina ya bushe.

Mama ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Tana zaune a bakin gado, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta zuba wa takalmin robar Baba ido. Da na shiga ta ɗago, ta tambaye ni da yarenmu, "An aika ƙauye?" Na ce yayana ya taso daga Kaduna, an kuma tura mai keke ya gaya wa Baba Ƙarami, ƙanen Baba, wanda shi ne mai riƙe da gidanmu na ƙauye. Sai ta ce, "To. Sai mu ga inda za su sa shi." Na san abin da take nufi. Masu gaisuwar da ke waje ba su san komai a kai ba.

Shi ya sa nake rubuta wannan. A wurin jana'iza an yi jawabai masu daɗi, an ce Baba mai haƙuri ne, mai son baƙi ne, amma ba wanda ya taɓa maganar da kowa ke gani da idonsa. 'Ya'yana za su girma su tambayi dalilin da ya sa kabarin kakansu yake inda yake, kuma ba na so wani ya ba su labarin da aka wanke.

Baba ba haifaffen gidanmu ba ne. A zamanin kamun bayi, gab da zuwan Turawa, wasu suka bi ta gefen ƙauyenmu, can kusa da Fadan Kagoma, suna kora mutanen da suka kamo. A cikinsu akwai wani ƙaramin yaro da ƙafarsa ta kumbura, ya kasa tafiya. Kakanmu, wanda a lokacin matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, ya ba su akuya suka bar masa yaron. Yaron nan shi ne Baba. Bai san sunan garinsu ba, ya manta yarensu, abin da ya rage masa sai tsagen da ke kumatunsa, wanda ba irin namu ba ne, da kuma tunawa da wani dutse mai tsagewa a tsakiya a bayan gidan uwarsa. Kaka ya rene shi, ya ba shi suna, ya koya masa noman acca da doya. Daga baya, Baba ya riga ya zama saurayi, Allah ya ba Kaka ɗa na cikinsa. Shi ne Baba Ƙarami.

A gidanmu akwai al'ada. Mazan gida ana binne su a bayan rumbuna, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa. Ba a fara haƙa kabari a wurin sai babban namiji na jinin gida ya ɗauki fartanyar kakanni ya yi saran farko. Saran nan shi ne shaida cewa mamacin ɗan gida ne, kuma 'ya'yansa suna da rabo a gonakin gida. Baƙo kuwa, ko wanda aka saya, ana haye rafi da shi a binne shi a wani fili mai ciyawa da ba gonar kowa ba.

Lokacin da Kaka ya mutu, Baba Ƙarami yaro ne, fartanyar ma ta fi ƙarfinsa. Dattawa suka ce dole shi zai sara. Yaro ya tsaya yana kuka, majina har baki, ya kasa ɗagawa. Baba ne ya durƙusa a bayansa, ya ɗora hannuwansa a kan nasa, suka ɗaga tare suka sara. Sannan Baba ya karɓa ya haƙa sauran shi kaɗai. Yana son ba mu labarin nan, kullum da dariya yake bayarwa, yana kwaikwayon yadda yaron yake shessheƙa. Ni ban taɓa jin ya ba ni dariya ba. Bayan haka shi ya noma gonakin, ya ciyar da uwar yaron, ya yi masa aure, sannan ya miƙa masa gida ya tafi aikin hanyar jirgi a Kafanchan.

Mama ta ce ba kuɗi ne suka kai shi reluwe ba. Ya ji an ce jiragen ƙasa daga ko'ina suna haɗuwa a Kafanchan, sai ya yi tunanin wata rana zai ga mai tsage irin nasa. Gaskiyarta ne, domin har ya tsufa, da ya ji kukan jirgi sai ya ɗauki sanda ya nufi tasha. Ya bi tarago-tarago yana leƙa fuskokin fasinjoji, yana cewa sannunku da hanya. Masu tallan ayaba suna tsokanarsa, "Baba, yau ma baƙonka bai zo ba?" Ya ce, "Yana hanya." Bai taɓa samun ko mutum ɗaya ba.

A barikin leburori ne ya ji bishara. Ya ce wani mai wa'azi ne ya tsaya a gindin mangwaro yana bayanin ɗiyanci, cewa Allah yana ɗaukar wanda ba nasa ba ya mai da shi ɗa. Leburori suna ta hira, wasu suna caca, shi kuwa ya ji kamar da shi kaɗai ake. Bayan an tashi ya bi mutumin ya tambaye shi, "Ɗan nan da aka ɗauka, idan an zo rabon nama, bayan 'ya'yan gida ake ba shi?" Mai wa'azi ya ce a'a, tare suke ci. Ya sake tambaya, "In ya mutu fa, ina ake sa shi?" Aka ce masa wurin Ubansa. Baba ya ce a ranar ya fara yin barci ba tare da ya yi mafarkin ana kora shi a hanya ba.

Tun daga nan ya samo kalmar da ta zame masa suna. Kowa ya gamu da shi, sai ya ce "ɗan Babana". Fasto ɗan Babana ne, mahaukacin bakin kasuwa ɗan Babana ne, har ɗan sandan da ya taɓa ƙwace masa keke. Mata ma haka yake ce musu, domin Hausar Baba ta tasha ce, ba ta raba mace da namiji. Yara suna binsa a layi suna ihu, "Ɗan Babana! Ɗan Babana!" shi kuwa yana juyowa yana yi musu barazana da sanda yana dariya. In ya tashi yin addu'a a majami'a, mun san tuwo zai huce. Yakan ce, "Allah ba shi da agola. Wanda ya ɗauka, ya ɗauke shi da suna, da gado, da wurin zama." Shi ya kai bangaskiya ƙauyenmu. Shi ya riƙe rigar Baba Ƙarami a bakin rafi ranar da aka yi masa baftisma, kuma yana raye ya ga an naɗa shi dattijon ikilisiya.

Telan nan da ya zauna a ƙasa yana kuka, akwai dalili. Lokacin da gari ya rikice kafin yaƙin basasa, mutanensu suna gudu Gabas, ya kawo wa Baba keken ɗinkinsa ya ce ya riƙe, in bai dawo ba ya sayar. Baba ya naɗe shi da buhu ya tura ƙarƙashin gado. Shekarun nan mun sha wuya, Mama ta yi magana har ta gaji, ta ce mutumin nan ko yana raye ma ba a sani ba. Baba ya ce, "Kayan ƙanena ne." Lokaci-lokaci yakan jawo keken ya ɗiga masa mai, ya juya shi, ya mayar. Da aka gama yaƙi tela ya dawo, ƙashi da fata, matarsa da 'ya'yansa biyu sun mutu a can. Baba ya jawo keke ya aje a gabansa, ya ce wa Mama ta ƙara ruwa a miya.

Kada wani ya ɗauka Baba mala'ika ne. Kai, mutumin nan yana da taurin kai! In ya ce a'a, ko fasto ya zo sai ya koma da a'a ɗinsa. Yana da saurin hannu a kan yayana, kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure a gaban Mama ba, sai dai ya sayo mata ƙosai ya aje bai ce komai ba. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba ya yarda a taɓa ƙanensa da magana.

Wata Kirsimeti muna ƙauye, an yanka alade ana rabo. A al'ada babba ake fara miƙa wa, amma kowace shekara Baba Ƙarami ake fara ba, sannan Baba. Yayana, lokacin ya gama kwaleji yana ji da kansa, ya ce wannan wane irin rabo ne, wa ya girmi wani? Magana ta yi zafi, Baba Ƙarami ya fusata, ya ce a gaban kowa, "Kai yaro, ka tambayi ubanka nawa aka saye shi. Akuya ce, ko ƙaho ba ta gama fitarwa ba." Sai Baba ya ce, "Gaskiya ne, ɗan Babana. Ubanka ya ba da akuya. Ubana na sama kuwa Ɗansa ya bayar. Miƙo naman." Ya karɓa ya ci. Mutane suka yi ta yaba amsar, har an sha maimaita ta a wa'azi. Amma ni na bi shi bayan gida, na same shi tsaye a gindin ɗorawa kusa da kabarin Kaka yana share ido da bakin riga.

Da muka dawo Kafanchan na tare shi. Na ce, "Baba, ɗiyancin nan naka a sama kaɗai yake aiki? A ƙasa fa? Mutumin nan dattijon ikilisiya ne, shi ke raba mana gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, ya kuma kira ka abin saye a gaban 'ya'yanka."

Ya ce, "Bakinki ya yi tsawo."

Na ce, "Ai gaskiya ce."

Ya ce, "Ke kika zaɓi yayanki? Uba ne ke zaɓen 'ya'ya. In ya ɗauke ni, ya ɗauki ƙanena, ni wane ne da zan ce a fitar da shi? Ƙoƙo ɗaya muke sha. Ranar da kika ƙi karɓa daga hannunsa, ni kika ƙi."

Ya ture kwanon tuwon da na kawo masa, ya yi kwanaki ba ya cin abincina. Haka muka bar maganar, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Duk da haka yana son wurin nan na gindin ɗorawa, kada kowa ya ce muku ba ya so. Duk lokacin da ya je ƙauye sai ya nome ciyawar kabarin Kaka. A asibiti, da jikinsa ya yi nauyi, ya kira ni da rana tsaka, nas tana canja masa ruwa. Ya ce, "In na tafi, ki ce wa ƙanena ya sara mini. Kusa da kabarin Baba, ta wajen ƙafa ma ya isa." Na ce, "In ya ƙi fa?" Ya ce, "Ba zai ƙi ba. Ni na koya masa riƙon fartanyar."

Washegarin rasuwarsa muka ɗauki gawa a bayan a-kori-kura muka nufi ƙauye. Damina ce, hanya ta lalace, sai da mutanen reluwe da suka biyo mu a wata motar suka sauka suka tura mu a wurare da dama. Muna isa na duba bayan rumbuna. Ba a taɓa ƙasa ba. Samarin da za su yi haƙa suna zaune a kan wani gungume da diga da shebur, suna kallon ƙasa.

Maza suka shiga zaure, Baba Ƙarami da 'ya'yansa da dattawan dangi da yayana da fasto. Mu mata aka bar mu a madafa. Akwatin Baba yana tsakar gida a kan benci biyu, rana tana dukansa. Matan zumunta suka yi waƙa, suka ƙare, suka sake wata. Na ga ƙuda sun fara taruwa a bakin murfin. Daga nan ban san lokacin da na aje muciya na nufi zauren ba. Matar Baba Ƙarami ta riƙo zanena tana cewa, "Haba Ticha, mace ba ta shiga," na fizge.

Na tarar yayana yana magana, muryarsa ta dushe. Yana cewa, "Baba Ƙarami, ni ina aikin gwamnati a Kaduna, na yi gida a Sabon Tasha. Ba na son gona. Ko taki ɗaya ba na so. Ga fasto, ga dattawa, su zama shaida."

Baba Ƙarami ya ce, "Kai ba ka so. Ɗanka fa? Jikanka fa? Kai za ka mutu, shaidun nan za su mutu, kabari kuwa yana nan. Wata rana wani zai zo ya nuna shi ya ce kakana ɗan gida ne, a raba. Ka ga 'ya'yana maza, ka ƙirga su. Ga citta ta yi daraja, kowa ido ya buɗe. In na sara yau, na sara musu rigima har abada."

Fasto, wanda baƙo ne daga wajen Kajuru, ya yi magana a hankali. Ya tuna masa cewa cikin Almasihu babu bawa babu ɗa, ya tuna masa wanda ya kawo bishara gidan nan. Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai yana saurare har ya gama. Sannan ya ce, "Fasto, ban musa ba. A sama yayana ne, in na je can shi zan fara gaisarwa. Amma ƙasar nan ba ta sama ba ce. Ta kakannina ce, amana aka ba ni."

Na ce daga bakin ƙofa, "Baba Ƙarami, ya ce in gaya maka ka sara masa. Ya ce ko ta wajen ƙafa. Ya ce ba za ka ƙi ba, shi ya koya maka riƙon fartanyar."

Dattawa suka yi caa, wa ya bar mace ta shigo. Shi kuwa bai ce a fitar da ni ba. Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur, na ce a raina shi ke nan, ya karye. Allah ya sani na ɗauka zai miƙe. Sai ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Ba zan iya ba."

Yayana ya ce a mayar da gawa Kafanchan a binne a maƙabartar majami'a. Direba ya ce da hadarin da ke haɗuwa motarsa ba za ta sake bin hanyar nan yau ba, gawa kuma ba za ta jira gobe ba. Ana ta ka-ce-na-ce sai ga Mama ta fito daga ɗaki. Ta ce, "Ya isa. Mijina ba kayan talla ba ne da za a bar shi a rana ana ciniki. Ku haye da shi." Ba ta ɗaga murya ba, amma nan take maza suka fito daga zaure.

'Ya'yan Baba Ƙarami ba su taɓa akwatin ba, sun tsaya jikin katanga kamar an dasa su. Tsofaffin reluwe ne suka ɗauka, da yayana, da fasto da ya naɗe ƙafar wandonsa. Rafi ya kawo, ruwa har gwiwa, tsofaffin nan suna tangaɗi suna kiran juna a riƙe da kyau. Mu mata muna biye muna waƙa, ni dai bakina kawai ke motsi. A rafin nan aka yi wa rabin ƙauyen baftisma, Baba yana tsaye a bakinsa yana riƙe musu riguna.

A ƙetare aka sassabe ciyawa. Samari suka tsaya da diga, ba wanda ya fara. Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "To, wa zai yi saran farko? Ko a nan ma sai wani nasa ya fara." Ɗa ba ya sara wa ubansa muddin ƙanen uban yana raye, saboda haka yayana ba zai yi ba. Aka tsaya ana kallon juna. Kunya ta kama ni har na ji kamar in nutse.

Sai tela ya matso. Wandonsa ya jiƙe sharkaf, tef ɗin awon yana wuyansa har yanzu. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Kawo. Ni ƙanensa ne." Saurayin ya dubi fasto, fasto ya gyaɗa kai. Tela bai iya riƙon diga ba, saransa ko ƙasa bai fasa sosai ba, amma ya sara. Ya miƙa wa Bayarabe, ya sara. Ɗan Tibi ya karɓa, sai fasto, sai wani kuturu da Baba yake kai wa tuwo a bayan tasha, wanda ban ma san ya biyo mu ba, ya maƙale ƙotar da dungulminsa ya sara. A nan ne Mama ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun daga asibiti.

Ina share ido na waiga wajen rafi. Baba Ƙarami yana tsaye a wancan gefen, shi kaɗai, da fartanyar kakanni a kafaɗa. Ya sauko har bakin ruwa. Na ga ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Ina cewa a raina taho, taho mana, ko yanzu ma ba ka makara ba. Ya tsaya a haka har aka sa akwati, har aka mayar da ƙasa, har fasto ya sa albarka. Da muka juyo za mu haye, ya riga ya koma gida.

Mutane suna ce mini in yi murna, wai Allah ya nuna Baba yana da dangi fiye da na jini. Na gani, ban musa ba. In na tuna telan nan da digarsa, sai in ce lalle abin da Baba ya gaskata ba tatsuniya ba ce. Amma tsohon nan abu ɗaya ya roƙa a duniya, ɗan wuri ta wajen ƙafar mutumin da ya kira Baba, kuma wanda ya hana shi mai bin Almasihu ne, mai riƙe da mabuɗin majami'a. In ɗiyancin nan gaskiya ne, me ya sa bai iya haye rafi da dattijon ikilisiya ba? Na tambayi fasto, ya ce mu ci gaba da addu'a. Na tambayi Mama, ta ce in bar ta ta ji da abin da ke damunta.

Mun zauna makoki a ƙauye har Lahadi ta zagayo, ta kuwa faɗo a ranar jibin Ubangiji. Na so in ƙi zuwa, Mama ta ce in tashi in ɗaura zane. Majami'ar ƙauyenmu ƙarama ce, ta laka da rufin kwano, Baba yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasarta. Aka yi addu'a, aka gutsuttsura gurasa, dattawa suka ɗauko ƙoƙo suna bi layi-layi. Layin mata masu makoki ya faɗo a hannun Baba Ƙarami.

Ya ba Mama, ta sha ba ta dube shi ba. Ya matso gabana. Ya rame a 'yan kwanakin nan, rigar ta yi masa yawa. Ya miƙo ƙoƙon, hannunsa yana rawa har abin ciki yana neman zuba a zanena. Na bar hannuwana a cinya. Na san kowa a majami'a ni yake kallo. Ina so in tambaye shi a gaban Allah da jama'a ko an duba jinina kafin a miƙo mini. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Karɓi, ɗan Babana."

Bai taɓa faɗin kalmar nan ba a rayuwarsa, shi da yake yi wa Baba dariya a kanta. Ban sani ba ko tuba ce, ko kunya, ko dai bakinsa ne ya suɓuce. Ban yafe masa ba, har yau da nake rubutun nan ina fama, kuma kabarin Baba yana nan a ƙetare, in rafi ya cika sai mu tsaya daga nesa mu hango shi. Amma Baba ya riga ya gaya mini wanda zan ƙi in na ƙi ƙoƙon nan.

Ƙoƙon yana ta rawa, ya kasa tsayar da shi. Na ɗora hannuwana a kan nasa na riƙe, muka ɗaga tare, na sha.